Fakon Arzika

Azumin bana ya faɗo tsakiyar bazara, kamar yadda ya faɗo shekara talatin da uku da suka wuce. Masu lissafin wata sun ce haka yake zagayowa. Ni ba lissafi ya gaya mini ba, maƙogwarona ne ya gane shi. Ranar sha biyu ga wata, bayan azahar, ina kwance a zaure na jiƙa rawani na rufe fuska, sai iskar gabas ta shigo da ƙamshin ƙasa mai zafi, irin wanda ke zuwa kafin ruwan farko. Na tashi zaune ban shirya ba. Ramatu matata ta leƙo tana tambaya ko kunama ce. Na ce a'a, Baba na tuna. Ta koma ciki. Ta san in na ce Baba a bana to gona nake nufi, gonar kuwa tun watan jiya turakun siminti na meri, ofishin magajin garinmu, ke tsaye a cikinta.

Garinmu yana ƙasar Kurfai, tafiyar hantsi ce a jaki zuwa kasuwar Filinge. A waccan shekara ina ɗan sha tara. Damina biyu a jere ba ta yi ba, ta ukun kuma ta zo da hauka. Ruwa ɗaya aka yi na kwana da yini, ƙorama ta sauko daga dutse ta tsaga gonar gadonmu, ta kwashe rabi, ta zuba wa sauran rairayi har gwiwa. Da ma gonar ba wata gona ba ce, rabon mutum ɗaya ne cikin 'yan'uwa shida. Dami tara muka ɗaure a wannan kaka, mu huɗu a gida: Baba, Inna, ni, da yayata Hajo, wadda mijinta ya tafi cin rani bakin teku ya bar mana ita. Kafin sanyi ya fita rumbu ya fara amsa kuwwa.

Mahaifina Arzika mutum ne mai ƙarancin magana da taurin kai na ban haushi, kuma an ce ni na gado shi. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya ja ni muka je ƙofar maigari, ya durƙusa, ya ce yana roƙon fakon da ke arewa da gari. Fako ne na gaske, jar ƙasa a daskare, sumul, ko ƙarangiya ba ta fita a kanta. In an yi ruwa sai ya zame ya wuce kamar a bayan ƙwarya.

Maigari ya dube shi ya ce, "Arzika, yunwa ta taɓa ma kai? Wurin da ko akuya ba ta tsayawa? Mi za ka yi da shi?"

"Noma, ranka shi daɗe."

Mutanen da ke zaune suka fashe da dariya. Maigari ya share hawayen dariya da hannun riga ya ce, "Ɗauka. Daga gindin aduwa har bakin dutse, na ba ka, kai da ɗiyanka. Ga liman, ga sarkin noma, sun ji."

Aka shafa fatiha, muka tashi. Babu wanda ya yi zancen takarda, kuma da wani ya yi da an ce ya raina maigari.

Baba ya taɓa yin cin rani a ƙasar Mosi yana saurayi, can ya ga yadda suke noma irin wannan wuri. Rami ake haƙawa da rani, faɗinsa kamu guda, zurfinsa taƙi guda, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba takin dabba tafi biyu, a bar shi. A faɗa abin ba wuya. Mun fara kwana uku kafin a ga watan azumi.

Da sahur Inna takan ba mu ruwan dusa mai ɗumi da ɗan gishiri, wani lokaci da anza. Wanda bai ci anza ba bai san ɗaci ba. 'Ya'yan itacen daji ne, Inna da Hajo ke tsinko su, a dafa, a jiƙa, ana sauya ruwa har kwana huɗu ko biyar, duk da haka in ka haɗiye sai ka ji ɗacin a bayan kunnenka. Muna sallame asuba sai mu saɓa diga mu fita. Sarana na farko, digar ta yi tsalle ta dawo har tartsatsi ya tashi, zafin ya bi ƙota ya shige mini kafaɗa. Baba bai ko dube ni ba. Ya ce in daina faɗa da ƙasa, in riƙa sara wuri ɗaya har ta gaji. Ranar farko rami goma sha ɗaya na yi, tafukan hannuna suka yi ƙuraje suka fashe, ƙotar ta yi santsi da ruwansu.

Inna da Hajo su ke da taki. Suna bin bakin rijiya da turken dabbobi na kasuwa da kwando, suna tsintar kashin shanu da na awaki da na raƙuma, su ɗauko a ka har fako. Dabbobin ma sun ƙare a wannan shekara, takin sai an yi tafiya ake samu. Hajo ba ta rasa abin faɗa. Takan sauke kwando ta ce, "Salihu, in mijina ya komo kak ka gaya mashi ni ag gimbiyar kashin shanu, sai ya ƙara guduwa." Mu yi dariya da busassun leɓɓa, har leɓen ya tsage.

Mutanen gari ma sun samu abin nishaɗi. Masu wucewa zuwa kasuwar Bankuku a kan jakuna sukan tsaya su yi mana sannu, su yi gaba kaɗan sai mu ji ana cewa Arzika yana haƙa wa gero kabari. Wannan magana ta fi ranar ƙona ni. Ina saurayi, ina da wadda nake so a unguwar maƙera, ga shi an mayar da gidanmu abin ba'a.

Daga hantsi zuwa la'asar fakon ba ya takuwa. Takalman tayar da ke ƙafarmu sukan yi laushi. Mukan rarrafa ƙarƙashin aduwar nan, wadda inuwarta ba ta fi tabarmar salla ba, mu kwanta kai da ƙafa, ƙudaje na bin idanunmu, ba mai ƙarfin kora. Harshe ya manne a ganɗa, yawu ya zama ƙaro. Can nesa sai ka ga kamar tafki yana ƙyalli, kana sane ƙarya ne amma idonka ba ya barin kallo. Da la'asar mu tashi mu kwaso duwatsu daga gindin dutse, mu jera su layi-layi a gicciye don su rage wa ruwa gudu. In ladan ya kira magariba, ruwan tulu ne farko, sannan abin da Allah ya hore: busasshen ganyen tafasa, da garin rogo in Baba ya sayar da igiyar da yake tufkawa. Na sha kwana da ciki cike da ruwa kawai, in na juya ina jin yana motsi.

Irin geron da za mu shuka yana cikin wata gora, Baba ya haɗa shi da toka, ya liƙe bakin da laka, ya rataye a tsakiyar ɗaki. Ranar ashirin ga azumi muka dawo muka tarar Inna ta sauko da gorar ta ajiye kusa da turmi. Ba ta fasa ba tukuna. Hajo ce ta faɗi a hanyar rijiya, aka kawo ta a sanƙame. Inna ta ce, "Malam, ɗiyata za ta mutu ina kallon hatsi bisa kaina?" Baba ya matso. Ya ɗauki gorar ya rungume, ya zauna a bakin ƙofa da ita a cinya, kansa a sunkuye. Inna ta faɗi duk abin da ke bakinta, har da abin da ban taɓa jin ta faɗa masa ba. Washegari ya kai babbar rigarsa ta salla kasuwa, ya dawo da tiya biyu ta dawa. Da tsohuwar taguwa ya je idi a wannan shekara.

Ni kuwa a ranar na ƙoshi da abin. Muna isa fako na jefar da diga na ce birnin Yamai za ni, ko dako ne in yi, na gaji da haƙa ramin da ba abin da zai fita. Na ɗauka zai mare ni. Sai ya kama hannuna ya ja ni zuwa ramukan da muka haƙa a makon farko, ya durƙusa ya tone ɗaya da yatsa. Takin ya ragu, gara ta cika wurin. Ta huda jar ƙasar nan da diga ke tsalle a kanta, ƙofa-ƙofa, har ƙasa inda hannu ba ya kaiwa.

Ya ce, "Ka gani? Mun samu 'yan gayya. Su ba su azumi, ba su neman hura. In ruwa ya zaka, nan za shi bi."

Na tsaya ina kallon ƙwarin nan farare suna ta kai da kawo. Ban ce na yarda ba, ban kuma ba shi haƙuri ba. Na dai koma na ɗauki digata.

Bayan salla hadari ya yi ta yi mana wasa da hankali. Ya taso baƙi ƙirin daga gabas, iska ta kwashe shi ta kai wa wasu. Sai wata Talata da rana ya sauko, ba mai yawa ba, wanda ko zanen da aka shanya bai gama jiƙawa ba a cikin gari. Muka ruga fako ni da Baba. Ko'ina ruwan ya zame ya wuce yadda ya saba, amma kowane rami ya riƙe nasa, ɗaruruwansu, suna ƙyalli. Baba ya tsaya ruwa na ɗiga daga gemunsa, leɓɓansa na motsi. Washegari ya fasa gorar, mu huɗu muka shuka, Hajo tana jan ƙafa amma ta ƙi zama a gida.

Daga nan sama ta ɗauke kwana goma sha tara. Shukar mutane da ke kan rairayi ta ƙone, wasu suka sake shuka har sau biyu, wasu ba su da irin sakewa. Tamu ta nannaɗe ganye da rana kamar za ta tafi, da safe kuma ka tarar ta buɗe. Yunwar tsakiyar damina ta fi ta azumi muni, don ita ba ta da magariba. Ƙafafun Inna suka kumbura, in ka danna yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Muna nome ciyawa muna cin wadda ta ciwu. Ranar da gero ya fara ido, Baba da kansa ya karyo zangarniya huɗu ya gasa mana tumu a gindin aduwa. Inna ta murza nata a tafi, ta hura, ta zuba a baki, sai hawaye. A kakar nan dami ashirin da uku muka ɗaure a wurin da aka ce kabari ne. Masu dariya suka fara zuwa aron diga.

Shekara bayan shekara muka yi ta ƙara ramuka. Iska ta kawo rairayi da ganye duwatsun suka tare, kara ya ruɓe, taki ya narke. A hankali jar ƙasa ta ɓace a ƙarƙashin wata baƙa mai laushi. Sabara da kalgo suka fito da kansu, gawo uku suka tashi. Kafin Baba ya rasu, in ka tura hannu cikin ƙasar sai ta haɗiye shi har gwiwar hannu. Kowa a garin ya san wurin da sunansa, Fakon Arzika. Abu ɗaya ya yi ta nanata mini har a ciwon ajalinsa: ƙasar nan yin hannu ce, tana gajiya kamar mutum, in ta yi noma shekaru a bar ta ta huta, a kira makiyaya su kwana a kanta da shanu.

Maganarsa na bi, kuma ita ta kai ni inda nake. Shekara uku da suka wuce gero ya fara gajarta, na ga alamar gajiya. Sai ƙanen Ramatu ya tashi tafiya arewa neman aiki, ya ba ni aron gonarsa har ya dawo. Na ce Allah ya kawo sauƙi, na bar tawa gaba ɗaya ta huta. Na kira Bube, Bafulatanin da mahaifinsa ya yi hulɗa da nawa, ya kafa bukka a tsakiya ya zauna da garkensa. Ciyawa ta tashi har ƙugu, kashin shanu ko'ina. In na je na gani sai raina ya yi fari, ina cewa bana in na koma mata za ta rama mini.

Bube ya taɓa gaya mini wasu mutane sun zo da mota da wani abu mai ƙafa uku suna leƙe. Na ce masu hanya ne, ya rabu da su. An kuma yi sanarwa a rediyo cewa meri za ta yanka filaye a arewacin gari, mai gona a wurin ya je ya rubuta sunansa. Da kunnena na ji, ina cin goro. Na ce wannan ta baƙi ce da masu rigimar iyaka, wa zai tambaye ni shaidar Fakon Arzika? Wautar da na yi ke nan, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa.

Bana ƙanen Ramatu ya dawo ya karɓi gonarsa, da gaskiyarsa. Na je duba tawa don in fara sassabe, na tarar da turaku a jere, kowane da lamba da jan fenti. An sare gawo biyu, an ja hanya miƙaƙƙiya ta bi ta kan layukan duwatsunmu.

Na tafi meri da Hajo, wadda yanzu sai da sanda take tafiya. Mai kula da sha'anin filaye yaro ne mai ladabi, Isufu, na san kakansa. Ya ba mu kujera, ya buɗe wata babbar takarda a kan tebur.

Ya ce, "Baba Salihu, da munka zo awo ba mu iske gona ba. Babu kara, babu kunyar noma, sai ciyawa da shanu da bukka. Tsohon zanen gari kuma fako yan nuna, wurin da ba na kowa ba. Abin da ba na kowa ba, na hukuma na."

Na ce, "Hutawa takai, ɗana. Kai ba ka barci?"

"Na gane, Baba. Akwai takarda?"

"Maigari yab ba mu, gaban liman da sarkin noma."

"Suna raye?"

Ya san amsar, shi ya sa ya sunkuyar da kai da ya tambaya. Hajo ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Ni ina raye. Wagga ƙasa bisa kaina anka ɗauko ta, kwando-kwando. Taɓa tsakar kaina ka ji, har yau gashi bai komo ba." Isufu ya ce ya yarda da ita har zuciyarsa, amma shaidar kyauta ake nema, ita kuwa ba ta wurin ranar da aka bayar. Waɗanda aka iske gonakinsu da kara an ba su filaye a madadi. Ni sunana bai shiga ba, sai dai in rubuta kuka a aika gaba, in jira.

Na so in yi masa ihu, amma ta tagar ofishinsa ina hango mutanen da suka gudo daga wajen Abala da Sanam saboda rashin kwanciyar hankali, suna zaune a rumfunan buhu da leda a bayan makaranta, damina na tafe. Isufu ya ce su ma wurin kwana suke nema, gari ya cika. Ban musa ba. Na dai tambaye shi mu tara da ke gidana me za mu ci, tunda gonakin daji yanzu ba mai iya zuwa, na kusa kuwa kowace da mai ita. Ya ce sai haƙuri. Na rubuta kukan, wani ɗan makaranta ya juya mini shi da faransanci, na dangwala yatsa.

Shekaranjiya aka yi ruwan shuka. Gari ya wayi gari kowa da sungumi a kafaɗa. Na kasa zama a gida ina kallon idon Ramatu, sai na ɗaura wa jaki amalanke na fita kamar mai wurin zuwa. Ƙafar jakin ta san hanya, can ya kai ni.

A kusa da inda aduwar take an fara gini. Wani magini da ake kira Gado yana tone harsashi da mutanensa, sun tara baƙar ƙasa tsibi guda a gefe, tana tururi bayan ruwa. Mai filin yana tsaye, dattijo ne kamata, daga maganarsa na gane mutumin arewa ne cikin waɗanda suka gudo. Ya gaishe ni da hannu biyu. Bai san ko ni wane ne ba, ni ma ban gaya masa ba. Gado ya sani, ya kau da kai yana goge gumi.

Mai filin ya ce, "Malam, wurin ga ya ba mu wahala. Ƙasa ta banza, taushi gare ta, ba ta riƙon gini. Sai mun kwashe ta duka mun kai ga mai ƙarfi. Tunda kana da amalanke, in kana da inda za ka zubar muna, ka taimaka."

Na ce to. Na karɓi shebur a hannun Gado, na ƙi bari kowa ya taya ni. Ƙasar na da ɗumi, tana warin shanu da ruɓaɓɓen kara, tsutsotsi na motsi a ciki. Shekara uku tana hutawa, ban taɓa ganin ta yi kyau kamar ranar ba. Na loda har tayoyin suka lotsa. Mai filin ya yi ta sa mini albarka.

Na hau na ja linzami muka fito sabuwar hanyar. A mararraba jakin ya tsaya, ya juyo da kunne yana jira in nuna masa gefen da za mu bi. Ta ko'ina mutane ne a duƙe suna shuka, wasu na ɗago hannu suna yi mini barka da ruwa. Na daɗe zaune da sanda a hannu. Ga ƙasar Baba cike da amalanke, mai kyau, a shirye, ni kuwa ba ni da fili ko taku ɗaya a duniya da zan sauke ta a kai.